Rigar Ɗan Fari

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'ar da ta fi ƙarfina. Masu saurin yanke hukunci kuma su bari in kai aya tukuna.

A Ringim an yi wani tela, Haladu, da matarsa Barira. Auren soyayya suka yi, irin wanda maƙwabta ke leƙe ta katanga suna taɓe baki. Allah Ya ba su ɗa namiji, bai kai yaye ba ƙyanda ta ɗauke shi. To, kun san alkunyar ɗan fari. Barira ta haɗiye kukanta don kada surukai su ce ba ta da ta-ido, Haladu kuwa ana share makoki ya koma kan kekensa don kada a ce ya cika raki. Shi ya ga idonta a bushe, ya ɗauka ba ta damu ba. Ita ta ji ƙarar keke, ta ɗauka ya manta. Babu zagi, babu duka, shiru kawai ya cinye auren har ya kai ga saki ɗaya. Duk sanda na tuna wannan wauta sai raina ya sosu.

Shekaru suka ja. Barira ta yi wani auren, mijin ya rasu, ta dawo gidan mahaifinta Malam Isiyaku. Haladu kuwa ya zauna gwauro, yana ɗinka wa amaren gari kaya yana cin garau-garau a shago.

Barira tana da ƙawa, Suwaiba, mayyar littattafan soyayya, wadda tuwonta ya sha ƙonewa saboda karatu. Wata rana da hantsi tana karanta wa Barira labarin wasu masoya da suka rabu kuma suka sake haɗuwa da furfura, sai ta ji shessheƙa. Barira ta tashi ta buɗe akwati, ta ciro wata 'yar riga shuɗiya da ba ta fi tafin hannu biyu ba, wadda Haladu ya ɗinka wa marigayin. Ta ce, “Ko gidan wancan mijin da ita na je, Suwaiba. Ban taɓa daina son mai ɗinkin nan ba.” Sirrin da uwa da uba ba su ji ba, Suwaiba ta tono shi da littafin haya. Ko tabarma ba ta naɗe ba, ta yafa mayafi sai gidan Gwaggo Rakiya.

Gwaggo Rakiya ƙanwar mahaifin Haladu ce, dillaliya, ba gidan da ƙafarta ba ta sani ba. Ta je wa Barira da sunan tallar atamfa, ta ce a ba ta aron rigar nan da aka ce an ɓoye. Barira ta rasa bakin hana tsohuwar suruka, ta miƙa tana sunkuyar da kai. Tsohuwa ta zarce shago, ta ajiye rigar a kan keke ta ce, “Ɗan nan, irin wannan nake so ka ɗinka mini.” Tela ba ya kasa gane ɗinkin hannunsa. Haladu ya juya rigar, ya ji ƙamshin turaren wuta a jikinta, ya ce, “Gwaggo, ina kika samo?” Ta ce, “A akwatin wadda ka ce ba ta damu ba.” Ranar nan ƙato ya kifa kai a kan keke ya yi kukan da ya daɗe da ɓoyewa.

Haladu ya nemi a mayar da aure, amma saura dutse a hanya. Malam Isiyaku ya ce muddin yana numfashi, wanda ya sako masa 'ya tana cikin jimami ba zai ƙara taka zaurensa ba. Liman ya je, mai unguwa ya je, duk suka dawo suna karkaɗe riga. Sai Iya Atika, taubashiyar Malam Isiyaku, wadda ba ta jin nauyin gemunsa, ta iske shi cikin abokan hirarsa ta zauna daram. Ta ce, “Kai Isiyaku, yau kai ne mai hana auren kome? Ba kai ne ka bi uwar yarinyar nan biko har Taura a ƙafa ba, takalmi a hannu, kana rantsuwa ba za ka ƙara kushe miyarta ba?” Zaure ya kwashe da dariya. Tsoho ya yi ta muzurai, ƙarshe shi ma dariyar ta kuɓuce masa, ya ce, “Ke dai Atika ba ki da kirki. A ce ya turo magabatansa.”

Aka ɗaura aure, gari ya ce lallai tsohuwar zuma da ita ake magani. Shekara na zagayowa Barira ta haifi 'ya mace. Da aka miƙa wa Haladu jaririya sanye da 'yar shuɗiyar rigar nan, su biyun suka fashe da kukan daɗi a gaban kowa, ba wanda ya ƙara tunawa da alkunya.

Nan fa aka zo wurin da gizo ke saƙa. Miji da mata sun yarda jaririya za ta ci sunan wadda ta mayar musu da aurensu. Suwaiba ta ce in ba ta tono sirrin ba, da rigar na nan a akwati har asu ya cinye ta. Gwaggo Rakiya ta ce sirrin da bai je kunnen mai shi ba, me ya gyara? Iya Atika ta ce su yi ta kukansu ɗaya a shago ɗaya a ɗaki, in zaure a rufe yake wa zai ɗaura auren? Ga rago a ɗaure, ga goro an jiƙa, jaririya kuwa ɗaya ce, ba ta ɗaukar suna uku.

To, jama'a, ku kuka ji da kunnenku: tsakanin Suwaiba, Rakiya da Atika, sunan wa ya kamata a raɗa wa yarinyar nan?