Sirrin da Ke Cikin Kan Sarki

Ka taɓa tunanin me ya sa manya ke sakin baki a gaban wanzami? To, ji yadda Nomau wanzami ya yi da Sarki.

Wata safiya, fada ta cika, Sarki ya ce, "Nomau, jiya ka yi wa Galadima aski. Faɗa mini abin da ya ce a kaina, ko ka bar garin nan yau."

Nomau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, mu wanzamai duk abin da muka ji wurin aski, tare da gashi muke share shi. Amma umarninka ya fi ƙarfina. Sai dai ba a tsallake babba a fara da ƙarami. Kai na fara yi wa aski jiya, lokacin da ka ce fadawan nan naka..."

"Kai! Rufe bakinka!"

Fadawa suka baza kunne.

"In rufe duka, ranka ya daɗe, ko rabi?"

Sarki ya share gumi. "Duka, ɗan nema!"

Wanzaminka ma ya ji da yawa, bai faɗa ba. In ka je aski gobe, don Allah ka gaishe shi da hannu biyu.