Takalmin Ba Hashim

Akwai wani direba a Abbaganaram, cikin Maiduguri, ana ce masa Ba'ana. Kafin rikici ya ɓarke, shi ke jigilar tattasai da gishiri ta hanyar hamada da a-kori-kurarsa. Ya san hanya kam, wannan ba a ja masa. Matsalarsa ɗaya ce: in ya san abu guda, sai ya ɗauka ya san komai.

Mahaifinsa, Ba Hashim, wato Baba Hashim, ciwon suga ya daɗe yana cinsa har ƙafafunsa suka mutu. Ko ƙaya ya taka ba ya ji. Burinsa a duniya bai wuce ya taka da ƙafarsa zuwa masallacin Juma'a ba.

Yayar Ba'ana, Gumsu, ita ke jinyar tsohon. Kullum da safe ta haɗa ruwa a roba, ta tsoma gwiwar hannunta ta ji ɗuminsa, sannan ta sa ƙafafun a ciki. Ba'ana ya tsani ganin wannan. Ko in ce ya tsani jin mutanen unguwa suna ta sa wa Gumsu albarka, shi ko sunansa ba a kamawa.

Wata rana ya shigo da sabon takalmi a leda, ya ajiye a gaban tsohon.

"Baba, da wannan za ka je masallaci. Akwai wani marmaro can arewa cikin rairayi, ruwansa da zafi yake fitowa daga ƙasa. Da idona na ga gurgu ya yar da sandarsa a wurin."

Gumsu ta ɗago kai. "A wannan halin? Babu sabis, hanya ba lafiya. Kuma rabonka da wurin tun kafin rikici."

"Ya Gumsu, hamada na san ta kamar yunwar cikina."

"Hamada ka sani, ba ka san ƙafar Baba ba. In dole ne, ka jira ayarin su Garzali, abokan tuƙinka, ku tafi da mutane, ni ma in bi ku. Kuma ko ina ne, kar ƙafarsa ta taɓa ruwan da ba ka taɓa ba."

Ya yi dariya. "Shekara nawa kina tsoma gwiwar hannu? Me ta warkar?"

Ta juya ta fita. Maganar ta yi mata ciwo, kuma ya san ta yi.

Ranar da Gumsu ta tafi gaisuwar mutuwa Ajilari, Ba'ana ya ɗauki tsohon ya sa a mota. Bai gaya wa kowa inda za su ba. So yake kawai ta dawo ta ga Baba yana tafiya, bakinta ya mutu. Sai a bakin wani maƙwabci ta ji cewa an ga motar ta yi arewa.

Suka wuce shingayen sojoji, suka kwana a wani gari, washegari suka nausa cikin rairayi.

To, a da can wurin nan yana da masu shi. Makiyayan yankin sun haƙa ƙananan ramuka a jere, ruwan yana gangarowa daga idon marmaron yana hucewa a hanya. Baƙo a ramin ƙarshe ake zaunar da shi. Shi kansa idon, ko su ba sa sa hannu a ciki. Ba'ana bai taɓa lura da wannan ba, domin a da in ya zo, shayi yake sha a inuwa yana ba da labari.

Yanzu ba kowa. Mutanen sun yi gudun hijira, bukkokin sun ƙone, rairayi ya cike ramukan. Idon marmaron ne kaɗai ya rage, garai-garai, ga rana tsaka ko tururinsa ba a gani.

Shirun wurin ya tsorata shi. Ga kuma sawun babura sabo fil a kan rairayi. Cikin gaggawa ya ɗauko mahaifinsa, ya zaunar da shi a baki, ya naɗe masa wando, ya zura ƙafafun cikin ruwan. Shi kuma ya haye kan mota yana leƙen ko ƙura za ta taso.

"Baba, da zafi?"

"Babu, ɗana. Ban ji komai ba."

"To ka ƙara haƙuri, magani ne yake shiga."

Jama'a, mutumin da ko ƙaya ba ya ji, shi ake tambaya ko da zafi!

Tsohon yana zaune yana jan carbi, yana sa masa albarka. Sai da azahar ta yi Ba'ana ya sauko don ya yi alwala. Yana tsoma hannu ya fizge shi da ihu.

"Innalillahi! Baba!"

Ya jawo shi waje. Abin da ya gani ba zan iya rubuta muku a nan ba. Tsohon ma sai da ya ga fuskar ɗansa sannan ya duba ƙasa ya gane.

Babu waya, babu mai taimako, babu wanda ya san suna nan. Ruwan sanyin da ke jarka bai kai ya kawo ba, ya juye shi duka a kan ƙafafun. Ya tuƙa kamar mahaukaci, amma kafin su iso an rufe hanyar shiga gari. Haka suka kwana a bakin shinge.

A asibiti likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu. Ƙuna a jikin mai suga ba ta jin magani. Aka yanke ƙafar dama, bayan sati biyu aka bi da ta hagu.

Ranar da aka dawo da shi gida, Gumsu ta tsaya a ƙofar ɗaki idonta jajir.

"Hannu ɗaya, Ba'ana. Hannu ɗaya kawai na ce ka tsoma."

Ba Hashim ya ce, "Kar ki zage shi, Gumsu. Ya tambaye ni, ni na ce masa babu zafi."

Wallahi da zagi ne da ya fi wa Ba'ana sauƙi. Ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro, ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

Ranar Juma'a tsohon ya sa aka ɗauko ledar daga ƙarƙashin gado. Ya miƙa wa Ba'ana takalmin, ko takardar ciki ba a cire ba.

"Ungo, sa. Ka je mini masallaci."

Har yau duk Juma'a za ka gan shi da takalmin nan. Ya yi masa kaɗan, yana cizon ƙafarsa, amma bai taɓa canzawa ba.

Darasi: Son a yaba maka ba shi ne son iyaye ba. Wanda ke jinyar mara lafiya kullum ya fi ka sanin ciwonsa, ka saurare shi. Kada ka je keɓaɓɓen wuri kai kaɗai ba da sanin kowa ba, kuma kada ka sa wani cikin ruwan da hannunka bai gwada ba, musamman mai ciwon suga. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila ƙafar wani tsoho ta tsira ta dalilinku.