Jan Ƙyallen Inna Zuwera

Ku yaran yanzu, ba ku da kunya! A bar muku suna mai tsabta, ku mai da shi tsumman goge ƙafa. Ku daina dariya, ku karanta.

Akwai wani saurayi a Gaya ta Nijar mai suna Yasir, ɗan kabu-kabu mai haya da moto, wato babur. Ƙanwar uwarsa, Inna Zuwera, ita ta raine shi da sana'ar ƙaro.

Kashi uku take raba ƙaronta. Fari mai tauri, na itacen dakwara, na masu alewa ne da masu sa wa farar shadda ƙarfi. Ja-ja na shadda mai duhu. Baƙi mai ɓawo kuwa na malamai masu tawada. Buhun farin kaɗai take ɗaure wa baki da jan ƙyalle, kuma har Malanbil, garin da ke ƙetaren kogi, ba mai kwance shi don ya duba.

Gab da Sallah, Hajiya Nuriya mai gyaran shadda a Malanbil ta aiko a kai mata fari, dakakke. Inna na kwance da zazzaɓi.

"Yasir, farin kawai za ka daka."

"Haba Inna, ƙaro ai ƙaro ne. Wa zai gane gari?"

"Ni na gane. Kada ka kuskura."

Ya kuskura. Ya sayar da rabin farin a ɓoye, ya cike da ja da baƙi, ya ɗaura jan ƙyalle.

'Yan aikin Hajiya suka ga ƙyallen, suka jiƙa garin, ko tacewa ba su yi ba. Fararen shaddojin mutane suka fito dabbare-dabbare, kamar an zuba musu shayi.

Hajiya ta ƙetaro gada da kanta, ta zube su a gaban Inna.

"Zuwera, ƙyallenki ne ko ba naki ba?"

"Nawa ne."

Tsohuwa ta kwance sauran ƙyallayen ta jefa a murhu. Ta dubi Yasir.

"Kai, mara mutunci. Kawo makullin moto."

Aka sayar da moton, aka saya wa masu kaya sababbi. Ɓatattun kuwa Inna ta sa tela ya ɗinka masa riga. Da ita ya je Idi, a ƙafa, kowa na nuna shi.

Darasi: Amanar da ka tarar a gida ba taka ba ce da za ka sayar. Ku kuma iyaye, ku tura wa 'ya'yanku wannan, tun ba su ƙona sunanku ba.