Maginin da Ya Yi wa Saiwar Bishiya Filasta

Akwai wani magini da ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ya yi ta nanatawa har sunan ya bi shi. Duk inda aka zauna hira, shi ne ya fi kowa sani. Abin da ya fi yawan bugun ƙirji da shi kuwa shi ne wai ya yi shekara bakwai yana aiki a cibiyar binciken itatuwa.

"Ni fa in na ƙwanƙwasa bishiya sau biyu," in ji shi, "zan gaya maka shekarunta, in gaya maka abin da ke damunta."

Gaskiyar magana, mako bakwai ya yi, ba shekara ba. Kuma katangar baya aka ba shi ya gina. Ko ƙofar ofishinsu bai taɓa takawa ba. Matarsa ta san haka sarai, amma in ya fara sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi.

Aiki kam ya iya, wannan ba a ƙwace masa. In ya yi maka filasta, ƙuda ma sai ya zame.

A tsakiyar unguwarsu akwai lambun jama'a, a cikinsa kuma akwai wata tsohuwar bishiya da kowa ke kira Kaka. Sai maza takwas sun riƙe hannun juna kafin su zagaye ta. Wasu masu bincike sun taɓa zuwa suka ce ta haura shekara dubu, tana cikin tsofaffin itatuwan da suka rage da rai. Ko da rani ba ta tuɓe ganyenta.

Mai kula da ita wani dattijo ne, Baba mai lambu, wanda shi ne mahaifin matar Injiniya. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Ba ya share ganyen da ya faɗi a gindinta, ba ya bari a ajiye mota kusa da ita, ba ya bari a kafa ko turke. Mutane da yawa suna ganin ƙazanta ce kawai da rigimar tsufa.

Wata rana kwamitin lambu ya samu takarda cewa nan da wata uku masana za su zo su duba Kaka, su kafa mata allo, su sa ta cikin jerin tsofaffin itatuwa. Shugaban kwamiti ya tara mutane a rikice, ya ce ba za a kawo baƙi su tarar da gindin bishiya kamar juji ba.

Nan take Injiniya ya miƙe. Ya ce zai zagaye ta da dakali, ya daɓe gindin da siminti tas, yadda baƙi za su zauna su ɗauki hoto.

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce saiwoyinta ba su da nisa, a nan saman ƙasa suke, ta nan take shan ruwa, ta nan take shan iska. Ya ce a bar mata ƙasarta.

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya," in ji Injiniya yana murmushi. "Naka na sabo ne, nawa na ilimi ne. Ka bar mana wannan."

Aka yi dariya. Baba bai so ya yi jayayya da mijin 'yarsa a gaban mutane ba, sai ya bar maganar. Kwamiti ya ba Injiniya aikin.

Ranar da za a haƙa harsashin dakalin, an aiki Baba can wani gefen gari ya ɗauko dashen furanni. Injiniya ya ja igiyarsa, ya fitar da da'ira mai kyau, aka fara haƙa. Da rana ta yi, leburorinsa biyu suka tafi cin abinci, ya ci gaba shi kaɗai. A ɓangaren gabas diga ta daki wani abu. Ya tone da hannu, sai ga saiwa uku, kowace ta kai kaurin cinyar ƙato, sun gitta daidai kan layinsa.

To, jama'a, magini zai iya canja ra'ayi, amma ba ya lanƙwasa layi. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ɗauko zarto.

Sai da ya gama yankewa ya ga wani ruwa mai danƙo yana tsattsafowa daga bakin saiwoyin. Ya tsaya yana kallo, zarto a hannu. Daga nan ya yi abin da ya sani: a wurinsa duk abin da ya tsage, filasta ce maganinsa. Ya kwaɓa siminti mai laushi, ya rufe bakin kowace saiwa, ya goge ta sumul, ya tura ƙasa a kai. Kafin yamma an zuba kankare. Kafin Baba ya dawo, komai ya rufu.

Dakali ya yi kyau, ba ƙarya. Mutane suka riƙa zuwa suna zama suna yabawa. Injiniya ya yi wata guda yana tafiya kamar ƙasa ma tasa ce.

A mako na biyar, yana wucewa da safe, ya ga ganye rawaya guda huɗu a kan daɓen. Ya ɗaga kai. Reshen gabas ya ɗan canja launi. Ya tsince ganyen ya cusa a aljihu.

Washegari sun kai tafin hannu biyu. Bayan kwana uku sai da tsintsiya.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. Gari na wayewa, kafin Baba ya buɗe ƙofar lambu, ya riga ya haura ta baya da buhun siminti, ya share ganyen, ya kai shagonsa ya ɓoye bayan bulo. Buhu ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama shida. Duk wanda ya ɗaga kai a lambun, ko tsuntsu yake kallo, sai Injiniya ya ɗauka reshen yake dubawa.

Wata safiya da ya tabbata babu kowa, har ya matsa ya ƙwanƙwasa Kaka sau biyu, ya kara kunne. Ban da zafin yatsa babu abin da ya samu.

A gida kuwa abinci ya daina wucewa. Matarsa ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce aiki ne ya yi yawa. Can kuma sai ya tambaye ta, wai a ganinta bishiya tana iya sake fitar da saiwa in ta rasa wata? Ta dube shi ta ce ai shi ne ya yi shekara bakwai a cibiya. Ya tashi ya fita.

Baba shi ma ya gani, don ganye ana iya sharewa amma reshe ba ya ɓoyuwa. Kullum sai ya ɗebo ruwa ya zuba a ɗan ramin da aka bari jikin bishiyar, ruwan ya cika ya malale kan siminti ya bi kwata. Sai ya tsaya ya dafa ta.

Saura kwana goma baƙi su zo, rassa uku na gabas suka bushe ƙayau. Shugaba ya kira taron gaggawa, ya juya wurin Injiniya, tunda shi ne masani, ya ce ya faɗa musu abin da ke faruwa.

Injiniya ya zagaya bishiyar sau ɗaya, hannu a baya. Ya ce ruwa ne ya yi mata yawa. Ya ce ba don raini ba, amma tsufa ya kama Baba, yana zuba ruwa ya manta ya sake zubawa.

Baba ya dube shi, kallo ɗaya, ya kawar da kai.

Shugaba ya karɓi makullan lambun a take. Ya ce Baba ya ci gaba da zuwa har baƙi su tafi, don kada a ga wurin babu mai kula, daga nan ya huta.

Da yamma matar Injiniya ta dawo daga gidan mahaifinta idonta ja. Ta ce ko ruwa ya ƙi sha. Ta ce bai yi maganar aikin ba ko sau ɗaya, abin da yake ta maimaitawa shi ne, in Kaka ta mutu a hannunsa, da wane ido zai wuce ta titin nan.

"Maigida," ta ce, "ka tabbata ruwan ne?"

Gaskiyar ta zo masa har baki. Ya haɗiye ta, ya ce ya tabbata.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗauko lasifika. Unguwa kaf ta fito. Shugabar masanan wata mata ce mai furfura, da takalmin aiki duk ƙura. Aka nuna mata kujera ta ƙi zama. Ta zagaya Kaka a hankali, ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta kankare ɓawon da farce ta sansana.

Ta tambayi wa ke kula da ita. Shugaba ya nuna Baba, yana ba da haƙuri, yana cewa an riga an ɗauki mataki. Ba ta ko dubi shugaban ba. Ta tambayi Baba yaushe ganyen ya fara, ta wane ɓangare, kuma yaushe aka yi daɓen. Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Ta gyaɗa kai, ta taka simintin da ƙafa, ta ce a fasa.

Wa zai fasa? Ai ga Injiniya nan.

Aka miƙa masa guduma. Ya nufi ɓangaren yamma da sauri, ya ce nan ya fi sauƙin farawa. Ta ce a'a, gabas. Ya dawo. Duk dukan da ya yi, ji yake kamar a ƙirjinsa yake sauka. Kankare ya tsage, wani wari mai tsami ya taso. Ta karɓi shebur da kanta ta janye ƙasar.

Ga saiwoyin nan su uku a jere, kowace da hular siminti a baki.

Shugabar masanan ta miƙe ta karɓi lasifika. Ta ce ba ruwa ba ne, kuma ba laifin dattijon nan ba ne, hasali ma kulawarsa ce ta kawo bishiyar har yau. An yanke mata manyan saiwoyi, an kuma toshe mata numfashi. Rabin gabas ya tafi, ba zai dawo ba. Sauran, in an kwashe simintin nan gaba ɗaya cikin makon nan, wataƙila ta rayu. Ta ce wataƙila, ba ta yi alkawari ba.

Shugaba ya tambaya wa ya yi wannan aika-aika.

Injiniya ya riga ya shirya amsarsa tun makonni. Ya ce tsohon aiki ne, masu gyaran bututun ruwa ne da suka taɓa haƙa wurin shekarun baya, shi a haka ya tarar. Wasu suka fara gyaɗa kai, don an san sun taɓa haƙa.

Shugabar masanan ba ta musa ba. Ta durƙusa ta shafa simintin da yatsa, lasifika na hannunta. Ta ce ta je wurare da yawa, ta ga saiwar da aka sare da gatari, ta ga wadda mota ta tsinke, amma ba ta taɓa ganin wadda aka yi wa filasta ba. Kuma a faɗi gaskiya, hannun ya iya aiki. Babu sawun cokalin gini ko ɗaya, gefen ya zagayu kamar bakin kofi.

Wani tela daga baya ya ce lallai masu bututun nan gwanaye ne, da su aka ba dakalin ma da ya fi haka kyau.

"Su wa?" in ji Injiniya, ya juyo a fusace. "Mutanen da ko cokalin gini ba su iya riƙewa ba? Wannan ta tsakiyar sai da na bi ta sau uku da soso kafin ta..."

Bai ƙarasa ba. Lasifikar tana daf da bakinsa, maganar ta kai har bakin titi.

Babu wanda ya yi dariya. Shugaba ya sa hannu a aljihu ya ciro makullai, ya taka har gaban Baba ya miƙa masa da hannu biyu. Matar Injiniya ta tashi daga kujerarta ta koma kusa da mahaifinta ta tsaya. Shi kuwa yana nan cikin ramin, guduma a hannu, baki a buɗe, unguwa guda tana kallonsa.

Darasi: Abin da ya rayu shekara dubu ba tare da kai ba, kada ka taɓa shi sai ka tambayi wanda ya daɗe yana kula da shi. "Ban sani ba" ba ta kashe kowa, amma ƙaryar sani tana kashe abin da ba a iya mayarwa, ta kuma jawo wa mara laifi. In ka yi kuskure, ka faɗa tun ana iya gyarawa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wancan na cikin danginku da bai taɓa cewa bai sani ba.