Wurin Da Alƙali Ya Tsallake A Fim

Akwai wani mai lodin kaya a kamfanin kifi, ana ce masa Alƙali. Ba kotu yake zama ba jama'a, fim yake yanke wa hukunci. In ana kallon fim ɗin faɗa a waya lokacin hutu, bakinsa ba ya rufuwa.

Wata rana abokinsa Mai Inji, mai kula da injin ɗakin sanyin kamfanin, ya kawo wani sabo. Alƙali ya yaba naushi, ya yaba tsalle, ya ce dukan ƙafar nan ba ƙarya. Da aka kulle jarumin a wani ɗaki, sai ya ja tsaki ya tura fim ɗin gaba.

Mai Inji ya ce, "Haba, nan ne fa daɗin! Gogan bai doki ƙofa ba, zama ya yi ya ƙare wa ɗakin kallo, sai..."

Alƙali ya katse shi. "Zama? Zama muka zo kallo? Nan suka ɓata fim ɗin. In ni ne, ƙafa ɗaya ƙofa ta faɗi."

Bayan kwana biyu ya shiga ɗakin sanyi ɗauko kwali, ƙofa ta rufe garam. Hannun ƙofar na ciki kuwa ya daɗe da karyewa.

Ya kai mata ƙafa, irin ta fim. Ƙofa ko gezau, yatsansa ne ya targaɗe. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, amma ƙarar injin da ke waje ta haɗiye komai. Wayarsa tana aljihun rigar da ya rataye a waje.

Sanyi ya fara cin hannuwansa. Tsoro ya kama shi sosai, ya tuna 'yarsa da ke jiran ya ɗauko ta daga makaranta, ya fashe da kuka. Wayyo, ya jarumin nan ya fita ne? Oho, shi da kansa ya tsallake wurin!

Abin da ya ji kawai daga bakin Mai Inji shi ne zama. To sai ya zauna a kan kwali, ya dubi ɗakin a hankali. Can saman bango ya hango wayar wutar da ke shiga fankar injin sanyin. Ya tara kwalaye ya hau, ya naɗe hannu da singiletinsa ya fizge ta.

Inji ya yi ɗif. Mai Inji, da ya san kukan injinsa kamar na ɗansa, ya taso a guje ya buɗe ƙofa.

Da aka lulluɓe Alƙali da buhu, haƙora na kaɗawa, ya ce, "Don Allah, ya jarumin nan ya fita ne?"

Mai Inji ya miƙa masa wayar da fim ɗin ke ciki. "Ranka ya daɗe, ga shari'ar nan, a sake saurare daga farko."

Darasi: Kada ka yanke hukunci kan abin da ba ka tsaya ka gani ba, wataƙila wurin da ka raina nan mafitarka take. Ku tura wa abokinku mai katse mutane, ya karanta har ƙarshe.