Abin da Ɗalha Ya Rufe a Cikin Silin

Ɗalha mai aikin wuta ne a Gumel, kuma babu mai musun cewa ya iya aikinsa. Idan ya huda silin ya saka fitilun nan masu shigewa ciki, sai ka rantse tare da ɗakin aka yi su. Aibinsa ƙazanta ce, wadda lalaci ya haifa. In ya hau tsani ba ya son saukowa. A can yake cin kifinsa, ya tura kan kifin da ƙayarsa cikin ramin fitilar, ya tofa tuƙar goro a ciki, sannan ya danna fitila ta rufe.

Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Madam Paulina, ta buɗe gidan abinci a Maigatari, ta ba shi aikin fitilunta. Ta yi masa alkawarin in aikin ya yi kyau za ta haɗa shi da masu sababbin gine-gine. Yadda ya saba, haka ya yi mata.

Da zafi ya shigo, sai ta kira shi a waya.

"Malam Ɗalha, wani ɗoyi nake ji daga sama, kuma fitila ɗaya tana ƙyaftawa."

"Madam, kwatar bayan gidanki ce. Ni wuta na sani, ba shara ba."

Bai je ba, har sai da ta aiko masa da ɗan acaɓa ranar Alhamis ta kasuwa. Ya tarar ɗakin cike da direbobi, babu mai cin abinci. Wani dattijo, Haladu, ya nuna masa kwanon miyarsa. Tsutsa biyu ke motsi a ciki.

"Daga fitilarka suka faɗo," in ji shi. "Hau ka kawo mana sauran, mu ƙara nama."

Ɗalha ya hau tsani yana cewa ƙarya ake yi masa. Yana jawo fitilar, sai mushen ɓera ya faɗo masa a fuska, ya fashe. Kawunan kifi da baƙar tuƙar goro suka biyo baya. Ɓerayen da ƙazantarsa ta tara har wayar wutar sun gaigaye. Wani direba ya fita da gudu yana amai.

Madam Paulina ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara da shekaru ina wanke gyambo, ban taɓa jin ƙyama irin ta yau ba. Sauko ka fita, kada ka taɓa mini komai."

Direbobi suka kai labarin har Gagarawa da Ɗanzomo. Tun daga ranar, duk mai gini da ya ji sunan Ɗalha sai ya toshe hanci, ya nemi wani.

Darasi: aikin da ido ba ya gani shi ne ma'aunin amanar ma'aikaci. Ƙwarewa ba ta wanke ƙazanta. Duk abin da mutum ya rufe don ya huta, yana nan yana ruɓewa, kuma a kansa zai faɗo.