Rigar da Uwaisu ya ɗinka wa yayansa

Akwai wani mutum a Zawaciki mai suna Labaran. Mijina ne, Allah ya jiƙansa. Har yau sunan yana yi min nauyi a baki, don Malam nake ce masa.

A zamanin mulkin Shagari yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa, a sashen da ake jiƙa fatu cikin ruwan magani. Ruwan ya cinye masa fatar hannu, farcensa ya yi baƙi. Kullum ya dawo sai ya wanke da sabulun salo da lemun tsami, amma warin ba ya fita duka. Aikin ya kuma bar masa wani tari da muka saba da shi.

Yana da ƙane guda, Uwaisu, akawu a wani kamfanin alewa a Bompai. Can cikin gari yake zaune, amma duk Lahadi sai ya zo a besfarsa ya gaida mahaifiyarsu, Inna Asabe, wadda ke tare da mu. Ni da shi wasa muke.

"Akawu, yau ma ba alewa?"

"Matar yaya, haƙoranki nake tausaya wa."

A unguwarmu maza ciyayya suke yi. Bayan magariba kowa ya fito da tuwon gidansa ƙofar gida, a zauna a tabarma, a sa hannu a kwano ɗaya.

Wata Lahadi cikin watan Sha'aban, Uwaisu ya zo da baƙo, wani babba a ofishinsu. Na yi tuwon dawa da miyar kuka, na zuba man shanu. Ina daga soro ina jin su. Malam ya miƙa hannu ke nan sai Uwaisu ya ce, "Yaya, da ka bari an zuba maka naka daban. Ka ga akwai baƙo."

Malam ya janye hannunsa ya ce, "Alhamdu lillahi, dama a ƙoshe nake." Ya tashi ya shigo gida.

Wani dattijo maƙwabcinmu bai iya haƙuri ba. Ya ce, "Kai Uwaisu, hannun nan da kake ƙyama shi ya goya ka lokacin da ubanku ya rasu. Ka ji kunya."

A gaban baƙonsa aka faɗa masa haka. Ya buga besfa ya tafi, ko sallama bai yi wa Inna ba. Daga ranar ya ɗauke ƙafa.

Malam bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai ya daina fita ciyayya. A tsakar gida yake cin abincinsa shi kaɗai.

Da azumi ya kama, Inna ta hau mota ta je har gidan Uwaisu. Da ta dawo ta zauna bakin murhu ta ba ni labari.

"Na ce masa ya zo ya ba yayansa haƙuri. Ya ce, 'Inna, na san ban kyauta ba. Amma in na zo yanzu, 'yan unguwa za su ce tsohon nan ne ya durƙusar da ni. Ki bari Sallah ta zo. Ranar ai kowa na zuwa gaida na gaba da shi, ana yafe wa juna. Sai in shige cikin masu gaisuwa.' Har shadda ya nuna min, zai kai wa tela a ɗinka wa yayansa babbar riga."

Na ce, "Inna, kin gaya masa tarin ya ƙaru?"

"Na gaya masa. Ya ce ai tarin yaya ba yau ya fara ba."

Kafin azumi ya raba, Malam ya kasa hawa kekensa. Aka kai shi asibiti, aka ba shi magani, muka dawo. Yana kwance a ɗaki, numfashi sama-sama. Duk sanda ya ji ƙarar babur a hanya sai ya ɗaga kai.

"Rakiya, leƙa mana. Kamar besfa nake ji."

In leƙa, in dawo in ce masa mai wucewa ne. Sai ya ce, "To, aiki ne ya riƙe shi."

Cikin goman ƙarshe, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Aka aika Bompai, aka tarar an tura Uwaisu Kaduna da saƙon ofis. Lokacin ba waya a hannun mutane. Kafin azahar an kai Malam makwancinsa.

Washegari Uwaisu ya iso. Ya tarar da tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Ya shigo ba hula, ya zube a gabana.

"Matar yaya, don Allah ki gaya min gaskiya. Ya yafe min?"

Na ce, "Tun a ranar ya yafe maka, Uwaisu. Ba haƙurinka yake jira ba. Ganinka kawai yake son yi."

Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan da ya yi ba. Inna ta juya fuskarta bango.

Ranar Sallah tela ya aiko da rigar. Fara ce, da aiki mai kyau a wuya. Babu wanda ya iya buɗe ta sosai a gidanmu. Limamin unguwa aka kai wa, ya ba wani mabuƙaci.

Uwaisu ya rayu har ya yi furfura. Ya riƙe 'ya'yana kamar nasa, ban taɓa neman abu ya hana ni ba. Amma bai sake yi min wasa ba har ya koma ga Allah bara. Yanzu ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san abin da ya faru.

Darasi: Idan ka ɓata wa ɗan'uwanka rai, kada ka jira Sallah ko wani taro da zai rufa maka asiri. Ka tashi ka je yau, ko da mutane za su ce ka durƙusa. Ba ka san kwanan da ya rage masa ba, ba ka san naka ba. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai mai kwance yana sauraron ƙarar zuwan wani.